Ɗinki da tabo bayan tiyatar sake gina mama

Hajiya, Makka: Assalamu alaikum. 'Yan uwanmu da aka cire wa mama saboda ciwon daji, aka kuma sake gina musu, tambayarsu ɗaya ce: zare ya fi kyawun tabo, ko gam, ko ƙarfe, wato ƙananan maƙalai irin na sitefula da ake haɗa bakin rauni da su? Ku da ke wannan aiki, don Allah ku faɗa mana abin da kuke gani.

Dakta, Riyad: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da ido ke gani a sama ba shi ke riƙe rauni ba. Ɗinkin hawa-hawa ne. Can ciki ana sa zare mai narkewa, irin Vicryl ko PDS, shi ke ɗauke nauyin jan fata. Sannan a bi ƙarƙashin fatar da siririn zare, galibi Monocryl, wanda ke narkewa cikin wata 3 zuwa 4, ba sai an cire ba. Gam da filasta rufi ne kawai. In bakin raunin ya haɗu babu ja, tabo siriri zai fito. In an jawo fata da ƙarfi aka haɗa, ko da wane zare sai ya yi faɗi. Shi ya sa wadda aka ɗebo wa fata da kitse daga mara don gina maman, mai yanka daga ƙugu zuwa ƙugu, ake ce mata ta riƙa tafiya a ɗan duƙe a makon farko, ta kwanta da filo a ƙarƙashin gwiwa. Ƙarfe kuwa ana cire shi cikin kwana 10 zuwa 14, kuma yakan bar ɗige-ɗige gefe da gefe kamar tsani, ba a faye sa shi a mama ba.

Nas, Jidda: Ƙari kan maganar Dakta. Gam irin Dermabond da kansa yake ɓarewa cikin kwana 5 zuwa 10. Kada a ɓamɓare shi, kada a shafa masa basilin ko wani mai, sakin shi yake yi tun lokaci bai yi ba. Robar tsotse ruwa da ake bari a cikin raunin bayan tiyata ana cire ta ne in abin da take tarawa ya koma ƙasa da mil 30 a awa 24, don haka a riƙa rubutawa safe da yamma.

Abin da ya fi firgita mata shi ne wajen mako 4 zuwa 8 su ga ɗan ƙurji a kan layin ɗinkin, da kan zare fari yana leƙowa. Jiki ne ya tofo ƙullin zaren ciki. Kada a ja shi, a zo a yanke. Wurin da ya fi buɗewa kuma shi ne ƙasan mama, inda yanka na tsaye ya haɗu da na kwance, saboda jini bai isa can sosai. Ja mai yaɗuwa, mugunya, zazzaɓi, ko fata ta fara baƙi, wannan ba ya kwana a gida.

Mai kula da rauni, Madina: Fatarmu tana da nata hali, Yaya Nas. Tabo mai tudu ya fi kama baƙar fata, kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Iri biyu ne: wanda ya tashi amma ya tsaya a kan layin yanka, wannan yakan kwanta da kansa, da kiloyid, mai ƙetare layin ya ci gaba da girma da ƙaiƙayi. Duk mai tudu a wurin hujin kunne, ko a danginta akwai, ta faɗa wa likita tun kafin a shiga tiyata.

Filastar silikon, wadda ake liƙawa don kwantar da tabo, ba a sa ta sai rauni ya rufe ruf, babu ɓawo babu tsatsafa. Awa 12 ko fiye a rana, aƙalla wata 2 zuwa 3. Matsalarmu a nan zufa ce, musamman a danshin Jidda: tana ɗagawa, ƙuraje su fito a ƙarƙashi. A wanke ta kullum da sabulu mara ƙarfi, a bar fata ta bushe sarai kafin a mayar. In ta ƙi zama a koma ga silikon na shafawa. In tudu ya ci gaba, akwai allurar da ake yi cikin tabon duk mako 4 zuwa 6, sai dai takan dusashe launin wurin. Man bilicin mai sitiroyid kuwa fata yake sirantawa, ya hana rauni haɗewa. A faɗa wa likita gaskiya, ba abin kunya ba ne.

Nas, Jidda: A kula da gasa wurin da ruwan zafi fa! Fatar wurin ba ta ji bayan tiyata. Mace ta ɗora tawul mai zafi ko robar ruwan zafi, ba za ta sani ba sai ta ga bororo, tabon ƙunar ya fi na wuƙa muni. Shisha da sigari a bar su mako 4 kafin aiki, mako 4 bayansa, mai ciwon suga kuma ta daidaita shi.

Hajiya, Makka: Allah Ya saka da alheri. To ɗawafi fa, Dakta, da wadda tabonta ya ƙara duhu a wata na biyu?

Dakta, Riyad: Turmutsutsu ta jira kamar mako 6 da izinin likitanta, ta kuma zaɓi hawan sama inda babu matsi. Duhu da tauri a wata 2 zuwa 3 hanyarsa ce, tabo ba ya gama nuna sai wata 12 zuwa 18, kuma ba a gaggawar gyara shi da wuƙa kafin nan. Wadda aka yi wa gashin radiyoterafi takan fi haka jinkiri.