Daenerys ce ta canza, ko mu ne muka ƙi gani?

Sadiya: Ku yi min duk caa ɗin da za ku yi. Ƙone babban birnin King's Landing da Daenerys, sarauniya mai dodanni masu aman wuta, ta yi a shirin talabijin na Game of Thrones a kashi na 5 na zango na 8 bai saɓa wa halinta ba. Tun 2019 ake zagin marubutan Game of Thrones wai sun lalata ta, ni kuwa har yau ban ga abin da aka lalata ba.

Nura: Haba Anti Sadiya! Matar da ta ƙare rayuwarta wajen 'yanta bayi, an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya, gari ya zama nata, sai ta hau dodonta ta bi layi-layi tana babbake mata da yara? Mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake wannan zangon. Duk ba su iya kallo ba ne?

Sadiya: Yawan hannu ba hujja ba ne, ƙanena. A zango na 1 ta ƙone matsafiya Mirri Maz Duur da ranta. A na 4, a birnin Meereen, ta gicciye masu bayi 163 don ramuwar yaran bayi da aka gicciye, ba tare da ta tantance mai laifi ba, daga baya Hizdahr, ɗaya daga manyan garin, ya gaya mata mahaifinsa na cikinsu, alhali shi bai goyi bayan kashe yaran nan ba. A na 6 ta cinna wa shugabannin ƙabilar Dothraki wuta a rufaffen ɗaki. A na 7 ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa Dickon, kamammun yaƙi, mashawarcinta Tyrion na ba ta baki ta ƙi ji. Kowane lokaci tafi muka yi, saboda mun tsani waɗanda wutar ta ci.

Malam Habu: Malama Sadiya, kin tsallake guda. A ƙarshen zango na 4 wani makiyayi ya ajiye ƙasusuwan 'yarsa a gabanta, dodonta Drogon ya ƙone yarinyar. Me ta yi? Ta ɗaure dodanni biyu da sarƙa a ƙarƙashin ƙasa tana hawaye. Saboda yarinya ɗaya fa. Duk waɗanda kika lissafa maƙiya ne. Daga kashe maƙiyi zuwa kashe talakan da ya riga ya sallama akwai tafiya, kuma tafiyar ce ba a nuna mana ba.

Sadiya: An nuna. Amintaccenta Jorah ya mutu, dodonta Rhaegal ya mutu, an sare kan aminiyarta Missandei a gabanta, mashawarcinta Varys ya ci amanarta, masoyinta Jon ya fi ta haƙƙin sarauta.

Malam Habu: Duka a kashi nawa? Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na 7 ya koma bakwai, na 8 shida. Jorah a kashi na 3, Missandei a na 4, wuta a na 5. Dubi Walter White, jarumin shirin Breaking Bad: kashi 62 aka yi ana dafa shi a hankali. Ya tsaya yana kallo Jane, budurwar abokin harkarsa, ta mutu a zango na 2, ya ba ƙaramin yaro guba a na 4. Da ya kai ƙarshe babu wanda ya ce an yi masa sharri.

Sadiya: To ai shi ma masu kallo sun ci gaba da sonsa, matarsa Skyler suka tsana don ta ƙi rufa masa asiri cikin daɗin rai. Matsalarmu ke nan: in aka ce halin jarumi ya gina, muna nufin ya zama yadda muke so.

Bilkisu: Ni na yarda da Anti a kan inda labarin ya dosa, na yarda da Malam a kan gaggawa. Abin da ba zan yafe ba shi ne, da ta fara ƙone garin sai aka daina nuna fuskarta, muka koma ƙasa muna bin Arya, wata jarumar shirin, cikin ƙura.

Sadiya: Wannan kam gaskiya ne. Amma komawar Jaime wurin 'yar'uwarsa Sarauniya Cersei ma daidai ce.

Nura: A'a Anti, yau ɗaya kawai zan iya ɗauka.