Kunnena ya kumbura, in ɗiga maganin da kemis ya bani ko kar in ɗiga?

Bakano: Salam jama'a dan Allah a taimaka min da shawara. Kwana huɗu kenan kunnena na dama yana ƙaiƙayi, ni kuma da halin sosawa da tsinken ashana, shekaranjiya sai ya koma zafi, ko jan fatar kunnen nayi sai inji kamar an soka min allura, kwanciya ta gefen ma ta gagara. Naje kemis an bani na ɗigawa, a jikin kwalin an rubuta dexamethasone da neomycin, sai wani abokina yace wai sitiroyid ne kar in kuskura. Da gaske yana da illa?

Yar Katsina: Ayya sannu. Mu dai a gida man zaitun ake ɗan ɗumamawa a ɗiga, Allah ya sawwaƙe.

Nas ce ni: Yar uwa a ajiye man nan tukunna tunda ba a san abinda ke ciki ba. Malam, zafin da kake ji in ka ja kunnen ya fi kama da kumburin hanyar kunne ta waje, ashanar ce ta kurje fatar ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa. Sitiroyid ɗin ciki, wato dexamethasone, ba irin wanda yan ɗaga ƙarfe ke sha bane fa, aikinsa ya sassauta kumburi da ƙaiƙayi a wurin kawai, baya kashe ƙwayar cuta shi yasa ake haɗa shi da wani maganin mai kashe ta, wato neomycin ɗin. Ni neomycin ɗin ma ya fi damuna, domin in dodon kunne ya fashe zai iya shiga ciki ya taɓa ji, kuma wasu fatarsu bata ɗaukarsa. Kaje a haska kunnen kafin ka ɗiga. In an ce ka sa, ka ɗumama kwalbar a tafin hannu kar jiri ya ɗebe ka, ka kwanta kunnen yana sama, bayan ɗigawa ka zauna a haka kamar minti 5. Yawanci kwana 7 ake yi, in ka kai kwana 3 ba sauƙi ka koma. Kana da ciwon suga? In kana da shi yau ɗinnan zaka je.

Dan Zinder: Wallahi gaskiyarta. Ni na ɗiga irinsa wajen wata guda da kaina, duk sanda ƙaiƙayi ya taso in ɗiga, ashe fangas ne ke ta yaɗo, da likita ya share kunnen wani abu ya fito baƙi-baƙi kamar burodin da ya yi fumfuna. Sai da aka canza magani. Wajen wanka ka toshe da auduga mai Vaseline, alwala ma ka shafa bayan kunnen da sama-sama, kar ruwa ya shiga ramin.

Bakano: Na gode ƙwarai. Ba ni da suga alhamdulillahi, gobe da sassafe zan je a duba. Ashanar kam na daina, ko da yake yanzu haka hannuna har rawa yake.