Ankon Kirsimeti na 'yan kwaya (mawaƙan majami'a): wace atamfa, wane ɗinki?

Ƙanwarku ta Sabon Tasha: Salama a gare ku iyayena da yayyena. Bana ni aka ɗora wa fitar da ankon Kirsimeti na ƙungiyar kwayarmu a nan Kaduna, kuma gabana sai faɗuwa yake yi. Bara leshi aka zaɓa, mai duwatsu. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ranar 25 ga Disamba da muka jeru a gaba, gurbin mutum huɗu babu kowa, har da mai ɗaga mana waƙa. Ana cikin sujada na hango ta a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, cikin tsohuwar atamfarta da ta sha guga, tana bin waƙar da leɓe kawai. Ba ta gaya wa kowa kuɗin ne ya gagare ta ba. Ba na so a sake haka. Don Allah ku ba ni shawara: wane yadi, a ina zan saya, wane irin ɗinki ne ya dace da tsayuwa gaban ikkilisiya?

Maman 'Yan Biyu, Jos: Sannu ƙanwata, Ubangiji ya yi miki albarka da idonki ya kai bencin ƙarshe. Ki manta da leshi, ki manta da Holand. Ki nemi atamfa matsakaiciya irin su Hitarget, wadda mai aikin albashi ba za ta raina ba, ɗaliba kuma za ta iya. Turmi yadi shida ne. In ba a cika tattara da fuka-fukai ba, yadi uku sun ishi mai matsakaicin jiki riga da siket, ke nan mutum biyu su raba turmi ɗaya. Ɗankwali kuwa a sayi yadi mai launi ɗaya a yayyanka. Kafin ki ɗauki da yawa, sayi turmi guda tukuna, ki jiƙa bakinsa ki murza da farin ƙyalle. In ƙyallen ya rine, bar ta ko da zanen ya tafi da ranki.

Ma'ajin Matasa, Kano: Aunty, in yawanku ya kai a tashi mota, ki zo Kantin Kwari. Sari a can ya fi sauƙi, kuma za ki samu zane iri ɗaya ya ishe ku duka. Ki ƙara turmi biyu ko uku a kan lissafinki, domin in zane ya ƙare a kasuwa da wuya a sake samun irinsa, sai a kawo miki mai kama da shi. Kuma ki zo tun Oktoba. Daga Nuwamba kaya sun fara hawa.

Tela na Barnawa: Ni ta ɓangaren keke zan yi magana. Mafi yawan rigunan da ake ƙorafi a kansu a majami'a ba mugun nufi ba ne, awo ne aka yi a tsaye ƙyam kamar soja. Mai waƙa kuwa tana zama, tana durƙusawa, tana ɗaga hannu, tana sunkuyawa wurin baiko. Saboda haka in kun je awo, ki sa kowace ta zauna a kujera a auna tsawon siket a zaune, ta ɗaga hannu biyu sama a ga inda rigar za ta tsaya, ta sunkuya a duba wuya. Tsaga in dole ne, a yi mata ninki daga ciki, ƙafa ta samu sakewa ba tare da an ga jiki ba. Atamfa mai haske a sa mata shafi, domin ranar da ke shigowa ta taga tana tona abin da madubin ɗaki ya rufe. Sannan ku ce wa telanku ya bar rarar inci ɗaya a kowane gefe daga ciki. Yarinya ta ƙara jiki, a farke a buɗa, riga ta ƙara shekara biyu. Roƙona na ƙarshe, ku kai ɗinki kafin Disamba ta kama. Ɗinkin daren Kirsimeti ba ya kyau, ko waye ya yi shi.

Matar Fasto, Kafanchan: 'Yata, abin da kika gani a bencin nan shi ne ainihin maganar, kada a bari ta ɓace cikin awon siket. Duk lokacin da aka buɗe 1 Timoti 2:9-10 a taron mata, sai mu tsaya a kan rufe jiki, mu rufe littafi. Rufe jikin yana nan, ban musa ba. Amma ki duba abubuwan da Bulus ya ambata da suna: kitson ƙawa, zinariya, lu'ulu'u, da tufafi masu tsada. Kusan duka maganar dukiya ce. Timoti yana Afisa a lokacin, babban birnin kasuwanci, inda matar attajiri da baiwa suke sujada a ɗaki ɗaya. Mace za ta iya rufe jikinta tun daga wuya har idon sawu, amma tufarta ta hana 'yar'uwarta ɗaga kai. Yakubu sura 2 ma haka: mai zoben zinariya da kaya masu ƙyalli aka ba wuri mai kyau, matalauci aka ce ya tsaya can. Mu ba mu ce wa kowa ya koma baya da baki ba, farashin anko ne yake faɗa a madadinmu. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Na sha ganin mace ta ci bashi don ankon biki ɗaya, Janairu ta zo babu kuɗin makarantar yara.

'Yar Jami'a, Zariya: Mama, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Sai dai ina roƙo kada a kai matasa inda za su ɗauka bin Yesu shi ne shiga buhu. Macen kirki ta Karin Magana 31, tufafinta na lallausan lilin ne da shunayya. Lidiya ma ta Ayyukan Manzanni 16 sana'arta ke nan, sayar da kayan shunayya. A zaɓi zane mai fara'a, a yi ɗinki mai tsari wanda yarinya za ta so ta sake sawa zuwa aiki ko biki. In aka ɗinka abin da suke jin kunyarsa, rana ɗaya za su sa, ya shige akwati.

Matar Fasto, Kafanchan: Gaskiyarki 'yata. Tsabta da kyan gani ba zunubi ba ne. Abin da nake gudu shi ne adon da ke raba 'yan'uwa.

Uwar Zumunta, Mubi: Ku ɗauki darasi daga Zumuntar Mata. Mu a ikkilisiyar EYN, haka kuma na gani a ikkilisiyoyin ECWA da COCIN, zanen zumunta ɗaya ne ga kowa. Matar likita da mai sayar da ƙosai, in an jeru ana kaɗa tulu, ba ki bambance su. Kuma ba a sake shi kowace shekara. Nawa ya je taro, ya je ɗaurin aure, ya je jana'iza, yana nan garau. Me zai hana ku yi anko ɗaya na shekara uku, sai dai a sauya ɗankwali? Wanki ne sirrin: ruwan sanyi, sabulu mai laushi, kada a jiƙa ya kwana, a juya bai a shanya a inuwa. Rana da garin sabulu mai ƙarfi su ke kashe atamfa.

Baba Dattijo, Kakuri: 'Ya'yana, kun tuna mini da. A masaƙa na yi ƙuruciyata. Tun 1957 Kaduna ta fara saƙa, kuma kafin masaƙar UNTL ta rufe a 2007, atamfar da matanmu ke ɗaurawa zuwa sujada a nan unguwarmu ake buga ta, da audugar ƙasar nan. Sai dai mu yi ta addu'a. Ga maza, kada ku wahalar da su: yadi biyu na atamfar a ɗinka 'yar shara ko taguwa, a sa da baƙin wandon da kowa ke da shi a gida. Ba ruwanku da hula, tunda a ƙofa za a cire ta. Wanda ba shi da wandon, Kasuwar Barci akwai gwanjo mai kyau, a wanke a goge, ba wanda zai sani. Sai abu ɗaya. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni 9, da ta rasu, gwauraye ne suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Ku yi koyi da ita, ku buɗe ɗan asusu. Mai hali ya biya na mutum biyu, amma ma'aji kaɗai ya san wanda aka biya wa. Kada a karanta suna a sanarwa, kada a tafa wa kowa. Ni na ɗauki turmi biyu.

Maman 'Yan Biyu, Jos: Baba, Allah ya ƙara girma. A rubuta mini ɗaya.

Ƙanwarku ta Sabon Tasha: Na gode ƙwarai, har na yi hawaye. Na tsayar: atamfa, turmi ɗaya mutum biyu, shekara uku, da asusun da Baba ya ce. Saura tambaya ɗaya. Wasu 'yan matan sun ce a bar su su ɗinka wando da doguwar riga, wasu kuma ba sa son ɗaura ɗankwali.

Matar Fasto, Kafanchan: Wannan kada ki yanke shi ke kaɗai. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan yadda suke fahimtar 1 Korantiyawa 11, wasu sun riƙe rufe kai sosai, wasu sun sassauta. Ki zana ɗinki biyu a takarda, ki kai wa Fasto da dattawa kafin almakashi ya taɓa yadi, abin da suka ce a bi shi gaba ɗaya. Kuma kafin ki tafi Kano, ki je gidan mai ɗaga waƙar nan. Kada ki ta da maganar bara. Ki ce kina so ta raka ki zaɓen zane.

Tela na Barnawa: In kun dawo da kayan, ki turo mini mutum huɗu, ɗinkinsu a kaina. Su zo da safe kafin a ɗauke wuta, kowace ta riƙo takalmin da za ta sa ranar, don tsawon siket ya fita daidai.