Lita nawa na fenti ɗaki yake ci? Abin da kowannenmu ya gani

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin yi wa ɗakuna biyu fenti, kuma ba na son a maimaita abin da ya same ni a baya, lokacin da fenti ya ƙare saura bango ɗaya, na koma na sayo ƙari, amma da ya bushe sai launinsa ya ɗan sha bamban da na sauran. Har yau, idan hasken safe ya shigo ta taga, kan wannan bangon idona yake fara sauka. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin wannan lissafi ya gaya mana yadda ta kaya.

Wani fenta:
Wa alaikumus salam. Malam, na daɗe a wannan sana'a, kuma ban taɓa ganin kintace da ido ya fi tef ɗin awo ba. Ka auna kewayen ɗakin, ka ninka shi da tsayin bango. Ɗaki mai mita 4 da mita 3.5, wanda bangonsa ya kai mita 3, kewayensa mita 15 ne, wato murabba'in mita 45. Ka cire ƙofa, wadda ba ta cika wuce murabba'in mita 2 ba, da tagogi biyu masu ɗaya da rabi kowace, sai ya rage 40. Da yake shafi ɗaya ba ya rufe bango yadda ya kamata, sai ka ninka biyu, ya zama 80. Yawancin fentin ruwa na cikin ɗaki, lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda, saboda haka lita 8 kake bukata, ni kuwa nakan ɗora kashi 10 cikin 100 domin gyare-gyare. Silin lissafinsa daban ne, tsawo sau faɗi. Sai dai ka sani, adadin da ake rubutawa a jikin gwangwani na bango mai santsi ne wanda ya taɓa shan fenti.

Wata uwargida:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta faru da mu. Mun yi lissafi daidai kamar yadda Malam ya zayyana, amma filastarmu sabuwa ce, sai bangon ya riƙa zuƙe fenti kamar ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba. Kafin a kai rola ƙarshen layi, farkonsa ya riga ya dushe, tokar siminti tana leƙowa ta ƙasa. Abin da muka tanadar wa shafi biyu da ƙyar ya kai ɗaya da rabi. A ɗakin da ya biyo baya mun bar filastar ta bushe sosai, aka fara shafa fentin da ke toshe ƙofofin siminti, kuma daga nan lissafin bai ƙara saɓa mana ba.

Wani ɗan'uwa:
Ni launi ne ya ba ni wahala. Na so mayar da bango mai shuɗi mai duhu fari, sai da aka yi shafi uku kafin shuɗin ya ɓace.

Fenta ya ƙara da cewa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma bango mai kaushi ma haka yake ci. Game da bambancin launi kuwa, Malam, ka duba lambar rukunin da ke jikin kowane gwangwani, wato lambar da ke nuna fentin da kamfani ya haɗa a karo ɗaya, ka sayi masu lamba ɗaya a lokaci guda, sannan ka juye su a bokiti ɗaya ka gauraya kafin a fara. Abin da nake hana mutane shi ne tsarma fenti da ruwa fiye da yadda kamfani ya rubuta domin ya isa, saboda zai yi shara-shara, ƙarshe sai an ƙara wani shafin.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na auna yau da safe. Kowane ɗaki mita 4 ne da mita 4, tsayin bango 3, kuma bayan na cire ƙofa da taga ya rage murabba'in mita 44. Ɗakunan biyu a shafi biyu sun kama 176, wato kusan lita 18. Tsohon fentin mai haske ne, bangon kuma da santsi, don haka bokiti ɗaya mai lita 20 zan saya.