Neman kalma: "nauyin" sandar kamun kifi ta hannu biyu

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Jama'a ina cikin matsi. An ba ni wani shiri kan kamun kifi a Sikotland in sa masa murya da Hausa, gobe kafin la'asar zan miƙa. Akwai inda wani dattijo ke tsaye cikin kogin Sipe, ruwa iya cinya, yana faɗa wa wani saurayi irin sandar da zai saya don kifin tirawut mai zuwa teku da ƙananan salmon. Ya ce masa "two-handed fly rod, seven weight". Na rubuta "sanda mai nauyi bakwai", da na karanta a fili sai na ji abin banbaraƙwai. Bakwai me? Kilo?

Ɗan Sarkawa: Wa'alaikumussalam. Malama, fara cire "sanda". Mu a Yawuri fatsa muke cewa, kalmar ta haɗa gorar da zaren da ƙugiyar. Fatsar hannu biyu. Kin gama da rabin aikin.

Baƙon Abadin: Fatsar hannu biyu ta zauna. Amma kada ki kuskura ki ce nauyi, domin ba sandar ake aunawa ba, zaren ne. Ni ma haka na yi abin kunya farkon zuwana nan Abadin, a Sikotland. Na shiga shagon kayan su, na riƙa ɗaga sanduna ɗaya bayan ɗaya ina jinjinawa, ina neman in ji bambancin bakwai da takwas a hannuna, mai shagon yana kallona ya rasa ta cewa.

Ga yadda abin yake. A fatsarmu ta gida dalma ce ko tana ke jan zare idan ka wurga. A wannan kuwa abin da ke bakin zaren ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu, iska ma ta isa ta ɗauke ta. To sai aka mai da nauyin cikin zaren kansa, aka yi shi mai kauri, shi ke kai ƙugiyar tsakiyar kogi. A farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan a Amurka suka tsayar da ma'auni: a auna ƙafa 30 na farkon zaren. Na bakwai yana kai wajen giram 12. Lambar da ke jikin sanda tana gaya maka zaren da za ta iya wurgawa ne. Sai dai na hannu biyu ma'auninsu daban, kan zaren bakwai a nan ya kai wajen giram 30. Don haka ki ce "lamba 7", kamar ta takalmi.

Malamin Nahawu: Lamba? Subhanallahi. Yarinya ta zo neman Hausa, kun miƙa mata Turancin da ya sa hula. Muna da awo, daga auna. Awo na bakwai. Ita kuma na'urar gaba ɗaya, tunda "fly" ƙuda ne da Turanci, na daɗe da raɗa mata suna: ƙudafatsa.

Ɗan Sarkawa: Allah gafarta Malam, yaushe ka raɗa? Yau ka fara jin labarinta.

Malamin Nahawu: Tsarin ne ya daɗe. Harshe mai rai yana haɗa kalmomi biyu ya haifi ta uku.

Mai Fassara: Baba Malam, na gwada ta a baki, ba ta fita. Kuma ko na warware ta na ce fatsar ƙuda, ai idan aka ce fatsar tarwaɗa tarwaɗa ake kamawa. Mai kallo zai ɗauka Baturen ƙudaje yake farauta. Awo kuma kunnena hatsi yake jiyo mini, kamar an aiki yaro kasuwa da kwano.

Baƙon Abadin: Ba ma ƙuda ba ne. Wanda ake ɗaura wa salmon yawanci bai yi kama da kowane ƙwaro ba, gashi ne ruwan lemo da baƙi da ɗan ƙyalƙyali.

Ɗan Sarkawa: To ƙoton gashi.

Baƙon Abadin: Ya fi kusa, amma akwai ƙura a nan ma. Salmon idan ya baro teku ya shigo kogi don ya yi ƙwai, ba ya cin abinci. Yana kai wa ƙugiyar cafka, amma ba yunwa ce ke sa shi ba. Shi tirawut ɗin da dare aka fi kama shi.

Ɗan Sarkawa: Kifin da ba ya ci amma yana haɗiye ƙugiya. Ɗan'uwa, na gaji su kaka da kakanni, wannan sai na gani da idona.

Baƙon Abadin: Idan na gaya maka a kogin Di na nan Abadin sakinsa ake yi ya koma ruwa bayan an kama fa?

Ɗan Sarkawa: To wannan ba su ba ne, motsa jiki ne.

Malamin Nahawu: Ku bar wasa. Abin da ke damuna ya wuce kifi. Tanzaniya ta kafa hukumar Swahili tun 1967, suna zama su ƙirƙiri kalma su baza ta a rediyo da makarantu. Mu kuwa duk wanda ya je Turai ya dawo da jakar kalmomi ya juye mana. Salmon, tirawut, lamba. Me ya hana a ce giwan ruwan Turawa?

Ɗan Sarkawa: Abin da ya hana shi ne ba giwan ruwa ba ne. Ka taɓa ganin giwan ruwa ya je teku ya dawo? Idan kama ake nema, wajen tsalle da faɗa ya fi kusa da tsage, shi ma ba shi ba ne. Kifin da babu shi a ruwanmu a bar masa sunan gidansu.

Baƙon Abadin: Kuma Malam, da girmamawa, "nahawu" da ke jikin sunanka daga ina ya zo? "Kalma" fa?

Malamin Nahawu: Larabci ya yi ƙarnoni a bakinmu, ya zama ɗan gida. Kada ka haɗa shi da baƙon jiya. Ku 'yan zaman Turai kun fi kowa saurin sallama harshe.

Baƙon Abadin: 'Ya'yana a nan aka haife su, kuma Hausa suke yi a gida. Mu tsaya a kan kifi.

Mai Fassara: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. Yaya na Abadin, tambaya ɗaya: me ya sa dattijon ya nace sai bakwai? Ina so muryata ta nuna na san abin da yake faɗa.

Baƙon Abadin: Ƙananan salmon ɗin da yake nufi su ne waɗanda suka yi hunturu ɗaya kacal a teku suka dawo, kilo 2 zuwa 3 galibi. Lamba 9 ko 10 mai tsawon ƙafa 15 ta manyan kifin farkon shekara ce, idan ƙarami ya kama ta da ƙyar za ka ji motsinsa, ga gajiyar kafaɗa. Lamba 6 akwai daɗin riƙo, amma da iska ta taso ko ka ɗaura ƙugiya mai ɗan nauyi sai ta gaza. Bakwai mai ƙafa 12 da rabi zuwa 13 ita ce tsaka-tsaki. Hannu biyun kuma saboda bishiyoyi da gaɓa mai tudu a bayanka: babu filin kaɗa zare baya, sai ka kwantar da bakinsa a kan ruwa, ka lanƙwaso shi gefenka, ka cilla gaba. A wannan kogin na Sipe salon ya samo suna.

Mai Fassara: Madalla. Na rubuta: "Nemi fatsar hannu biyu, lamba 7, ita ce daidai da zaren da za ka wurga." Ƙoton gashi zan faɗa sau ɗaya, daga nan sai "ƙugiya mai gashi".

Malamin Nahawu: Ki sa lambarki, tunda sauri kike. A takarduna dai awo na rubuta, kuma ƙudafatsa tana nan ba ta mutu ba.

Mai Fassara: Na gode Baba. Saura abu ɗaya: ɗan faifan nan da ke gindin sandar, wanda ake naɗe zaren a kai.

Ɗan Sarkawa: Kwarkwaro, irin na masaƙa.

Malamin Nahawu: Wannan kam ba ni da ja. Da manaɗi na yi niyyar cewa.