Ƙugin salansa a juyi 1,900: wane tsawo zan yanka bututun reshe?

Assalamu alaikum, masana. A-kori-kura ce mai injin fetur V8, lita 5.3. An cire salansar kamfani daga bayan tukunyar tace hayaƙi, aka sa bututu mai faɗin inci 3 da tukunya mai hanya miƙaƙƙiya. Sensa duk suna nan, fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba.

Matsalar ƙugi ne a cikin mota. Da inji ya kai juyi 1,800 zuwa 2,000 a minti a giyar ƙarshe, sai kunne ya toshe, madubin tsakiya har rawa yake. Ana wuce 2,200 ko a ɗaga ƙafa daga totur, shiru. An sake robobin rataya, bututu ba ya taɓa shasi, walda ba ta yoyo. Ƙaramar tukunyar da aka ƙara a tsakiya kaifin ƙara kawai ta rage, asarar kuɗi ce.

Saura in gwada reshen bututu mai toshe a ƙarshe don kashe ƙugin, wanda tsawonsa kwatan tsawon zangon sautin ne. Silinda takwas na bugu huɗu a kowane juyi, wato kusan bugu 127 a daƙiƙa (Hz 127) a juyi 1,900. A nan na cije: da gudun sauti na iska mai sanyi, mita 343 a daƙiƙa, santimita 68 ke fitowa, da mita 400 na hayaƙi mai zafi, 79. Tunda hayaƙi ba ya ratsa reshen, wanne zan ɗauka? Kuma gaban tukunya mai hanya miƙaƙƙiya za a walda shi ko bayanta? Faɗin inci 2 ya isa wa reshen?