Alif ko 'ya'yan zogale? Ruwan rinina ya haɗa ni da maƙwabta

Marini_Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina rinin shadda da yadi a bayan gidanmu, ni da yara huɗu. Kullum muna zubar da ruwan rini kamar duro uku, kuma kwata ɗaya muke da maƙwabta. Sun kai ni gun mai unguwa, ya ba ni sati biyu in gyara ko in tashi. Na gina kwarami biyu na siminti don ruwan ya kwanta kafin ya fita. Wani ya ce in zuba alif, wani ya ce garin 'ya'yan zogale ya fi. Ba ruwan sha nake nema ba, so nake launin ya ragu. Kalar kanti nake amfani da ita, da soda da haidiro (hodar da ke sa kalar ta narke), ba baba ba. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Zogale kam ba magana. A ƙauyenmu ruwan tafki muke ɗebowa jawur, kakata ta daka ƙwaya biyu uku ta zuba a tulu, kafin a idar da azahar ya kwanta garau. Har yau ƙalau muke.

Marini_Auwalu:
Na gode Hajiya, amma ruwan rini nake nufi, ba na tulu ba.

Baban Majema:
Auwalu ɗana, tsaya ka ji. Shekara uku da suka wuce ina da 'yar majema, wani yaro mai takarda ya zo ya cika ni da daɗin baki, wai zogale zai wanke min ruwan jima tas. Na sayi buhu biyu. Mata suka kwana uku suna ɓare ɓawo, hannunsu duk ya yi kanta, na biya su, na biya niƙa. Ranar farko ruwan ya kwanta, har na kira ƙanena ya zo ya gani. Kwana na huɗu wari ya tashi. Wallahi warin jima da kowa ya sani wasa ne a kan wannan, garin ya ruɓe a ciki, ƙudaje kamar an yanka sa. Laka ta taru a gindin ramin na rasa inda zan kai ta, na sa aka kwashe aka zuba a bayan katanga, akuyar maƙwabci ta yi kiwo a wajen ta mutu, ko ita ce sanadi ko ba ita ba Allah masani, amma ni na biya. Da aka auna ruwan kuma aka ce sinadarin kurom da ake jima da shi yana nan. Yaron ya daina ɗaga wayata. Majemar ma yanzu babu ita, fata nake saye ina sayarwa.

Sani Dogo:
Allah ya mayar da alheri Baba. Amma buhu biyu? Da kwaɗo aka yi da an ciyar da unguwa.

Maman Khalifa:
Ganyen ake kwaɗawa Sani, ba 'ya'yan ba. Ka nuna ba ka taɓa shiga madafa ba.

Malam Nura Kimiyya:
Baba, abin da ya same ka yana da dalili. A cikin ƙwayar zogale akwai wani furotin da ke janyo ƙananan ƙurar da ke yawo a ruwa, su dunƙule su yi nauyi su nutse. Matan Sudan sun daɗe suna tace ruwan Nilu da shi, kuma an gwada shi a matatar ruwa ta Thyolo a Malawi a shekarun 1990. Amma shi garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta, in ya yi yawa ko ruwan ya kwana biyu a tsaye dole ya yi wari. Kuma ba ya kawar da duk abin da ya narke a ruwa, kamar gishiri da soda. Auwalu, naka ruwan soda ta yi masa yawa, alif ma ba ya aiki sosai sai an rage kaifinta. Ka fara barin ruwan ya sha iska a ramin farko kana motsa shi, irin wannan kalar in ta sha iska takan koma gari ta kwanta da kanta. Sai ka jera kwalabe biyar, ka sa gari daban-daban a kowace, ka ga wadda ta fi. Tunkuzar da ta rage bayan an matse mai ma tana yi, kuma ta fi araha.

Baban Majema:
Irin maganar da yaron nan ya yi min ke nan, har da kwalaben. Malam ka taɓa tsoma hannunka a ramin jima?

Malam Nura Kimiyya:
Ban taɓa ba Baba, a ɗakin gwaji na yi. Amma kai ma kurom ne matsalarka, shi kuwa rini yake.

Ɗan Kasuwa Bala:
Ku bar musu, ku yi lissafi. Kwanon 'ya'yan zogale dubu huɗu na saya a kasuwar Dawanau ta Kano watan jiya.

Hadiza Maraɗi:
Dubu huɗu ina? Ƙanwata ta sayo dubu tara, ɓararre. A nan wajenmu jaka biyu ta sefa ne tiya, wato kwano, amma bayan damina. Yanzu masu matse mai sun kwashe.

Ɗan Kasuwa Bala:
Ɓararre daban ai Hajiya. Alif kuwa na dubu ɗaya zai kai shi sati.

Sani Dogo:
Sati? Alif ɗin wanzamai kake nufi?

Marini_Auwalu:
Malam Nura, duro uku kwano nawa zai ci ke nan? Saura kwana goma sha ɗaya.

Abu Fatima:
Ni abin da ke ba ni haushi, Auwalu mai duro uku aka ba wa sati biyu. Ku je ku ga abin da ke gangarowa rafin Jakara a Kano, ko ku tsaya bakin kogin Challawa da asuba ku ga launin ruwan. Da shi ake ban-ruwan latas da kabejin da muke ci. Wa ya ba masu manyan injina sati biyu?

Baban Majema:
Faɗa musu dai. Ni jami'ai sau uku suna zuwa min, na kusa da ni mai katanga da maigadi ko sallama ba a yi masa.

Hadiza Maraɗi:
Mu kuma ledar ruwa ce ta toshe mana kwata, damina na zuwa ruwa har ɗaki. Ba rini ba jima.

Maman Khalifa:
Ai maƙwabtan Auwalun ma a duba, ƙila su ne ke zuba shara a kwatar. Namu har ruwan wankin kifi suke kwararo mana, ka yi magana a ce ba ka son zaman lafiya.

Sani Dogo:
Hajiya a daka musu zogale a zuba, ko sa kwanta.

Abu Fatima:
Ba abin dariya ba ne Sani. Kwatar layinmu tun kafin azumi aka karɓi ɗari biyar biyar za a yashe, har yau ko shebur ba mu gani ba. Wa ke riƙe da kuɗin ma?